Garajin Baba na hanyar Tanut, abin da na gani da na kai 504 ɗina gyaran ralanti

Assalamu alaikum jama'a. Sati biyu kenan mutanen fadarmu na damuna da tambaya wai ina na kai akwalar nan tawa ta daina mutuwa a tsakiyar titi, to yau na samu zama bari in faɗi abin da na gani a garajin, mai daɗin da mara daɗin, duk mai tsohuwar mota mai karbirato (abin da ke haɗa ma inji iska da mai) sai ya auna da kanshi. Sunan mai garajin ba zan sa ba, irin dattawan nan ne da ba su son a yi ta yawo da sunansu cikin waya, kowa dai Baba yake ce mishi, wurin yana gefen hanyar Tanut in ka ɗan fita garin Damagaram, ƙarƙashin wasu itatuwan bedi, za ka ga gawarwakin Fijo birjik kafin ma ka ga mutum.

Motar tawa Fijo 504 ce bashe mai buɗaɗɗen baya, ta mahaifina ce Allah jiƙanshi, haɗin Kaduna. Ita 504 tun 1968 Faransa suka fara fiddo ta, a Kaduna kuma tun 1975 ake haɗa Fijo, to tawa ta can ta ɓullo, karbirato ɗinta Solex ne mai maƙoshi guda (mutanen Kano kafireto suke cewa, duk abu guda ne). Da ita nake ci nake sha, Lahadi in je kasuwar Mirya in ɗauko kayan lambu, Alhamis ina kasuwar Dole, sauran kwanaki duk wanda ya samu kaya ya kira ni.

Ciwon da take yi na ralanti ne, wato gudun inji in ƙafa ba ta kan akselatar, da safe in na ja istatar (abin da ake ja don inji mai sanyi ya samu ƙarin mai, wato cok) tana tashi lafiya lau, amma da ta yi zafi, ka ɗaga ƙafa daga akselatar sai ta fara karkarwa kamar mai masassara, bitas (giya) yana rawa, madubi yana rawa, sai ɗif. A rampuwan (shataletale) kuwa abin kunya ne, sai na koyi taka furen (birki) da ƙafar hagu dama tana kan akselatar don kar ta mutu, ranar da na manta ta mutu min da lodin tumatir da kabeji a baya, ƴan kabu-kabu suna ta oda suna zagina, ƙarshe wasu ɗalibai suka tura ni. Ga baƙin hayaƙi, ga warin esansi (fetur) mai sa hawaye in ka tsaya bayanta, ga shan mai kamar an huda tanki. Da can lokacin da man Najeriya yake arha wurin ƴan ruwa-ruwa ba wanda ya damu in mota tana sha, amma tunda suka cire tallafi a 2023 wannan garaɓasar ta ƙare, kuma ko da aka rage kuɗin lita a nan Nijar daga sefa 540 zuwa 499 a 2024 ai har yanzu kuɗi ne ga mai neman na tuwo. Matatar mai ta SORAZ tana nan kusa da mu tun 2011 amma ba kyauta take ba mu ba.

Kafin Baba na je wurin mutum biyu. Na farko minti biyar bai yi ba, ya sa turnabis (sukundireba) ya murɗa wani bis (sukuru) injin ya hau sama yana kuka, yace shikenan ba za ta ƙara mutuwa ba. Gaskiya ne ba ta mutu ba, amma in zan sa bitas na ɗaya sai ka ji ƙarrr, in na kashe kontak sai ta ci gaba da tari tana tsalle kamar kazar da aka yanka kafin ta tsaya. Na biyu shi kuma wani bis ɗin daban ya kwance ya kwance, hayaƙi ya ƙaru. Kowanne na ba shi jika guda (sefa 1000) na tafi ina godiya, ashe ciwo na sayo.

Wani tsohon direban Agadas ne yace min in je wurin Baba, amma in tafi da haƙurina a aljihu. Na isa ranar Litinin wajen ƙarfe 8, na tarar da shi zaune bisa wata tsohuwar kujerar mota yana shan shayi, na gaishe shi, nace Baba ralanti ne ya lalace ina so a ɗan taɓa min bis ɗin karbirato. Bai ma dube ni ba yace bar ta tana aiki. Ya gama shayinshi tsaf, ya tashi ya zagaya baya ya tara hannu a bakin salansa ya sunsuna, ya dawo gaba ya sa yaro ya buɗe kapo, ya tsaya shiru yana saurare har na fara tunanin ko ya manta da ni. Sai ya ɗauki turnabis ya dinga murɗa wani ɗan ƙaramin bis mai sifirin da ke can gindin karbirato, yana shigar da shi ciki har ya kai ƙarshe, injin ko gezau. Yace ɗana ka ga wannan? Na rufe mata man ralanti gaba ɗaya, da lafiyarta ƙalau da yanzu ta mutu, tunda ba ta mutu ba ta wata ƙofa take shan mai, wa ya taɓa maka ita? Nace wasu ne Baba. Yace wasu dai.

Nan ya yi min bayanin da tunda nake tuƙi ba wanda ya taɓa yi min. Bis biyu ne mutane ke rikitawa. Ɗaya shi ne na gudu, shi ba ruwanshi da mai, aikinshi kawai ya tokare faifan nan da ke cikin maƙoshin karbirato wanda makanisiye ke ce ma fafiyon, in ka shigar da shi faifan ya ƙara buɗewa injin ya hau. Ɗayan shi ne na rishes, mai daidaita yawan mai, bakinshi tsini ne kamar allura, yana zaune cikin wata ƴar ƙaramar huda da ke ƙasan faifan, lokacin da ƙafarka ba ta kan akselatar faifan kusan a rufe yake, to ta wannan ƴar hudar injin ke tsotsar ɗan man da yake rayuwa da shi. Ka shigar da bis ɗin mai ya ragu, ka fiddo shi mai ya ƙaru. Yace kamar damun fura ne, in nono da ruwa suka yi yawa ta tsinke ba ta riƙe ciki, in fura ta yi yawa ta ƙi wucewa a maƙoshi. Ni kuma na tuna abin da na taɓa karantawa cewa a ma'auni iska kilo 14.7 ke ƙone kilo guda na esansi daidai, na faɗa mishi don in nuna ni ma na san wani abu, yace to ka je ka auno min kilon iskar in gani. Yaran suka fashe da dariya. Amma daga baya shi da kanshi yace tsohon inji a ralanti ya fi son man ya ɗan fi haka kaɗan.

Abin da mutumin farko ya yi min kenan, ya tura bis ɗin gudu har faifan ya buɗe ya wuce wurin da ya kamata, injin ya koma shan mai ta ƙananan hudojin da ke sama waɗanda aikinsu sai ka fara taka akselatar, shi ya sa bis ɗin rishes ya zama ɗan kallo, ko ka rufe ko ka buɗe duk ɗaya. Tsallen da take yi bayan an kashe kontak ma daga nan ne.

Nace to Baba a daidaita su mana in tafi, ina da kaya da azahar. Yace kayanka sai dai wani ya ɗauka, wannan bis ɗin shi ne na ƙarshe da ake taɓawa, ba a ɗaura ma mutum rawani bai sa wando ba. Gaskiya a lokacin raina ya ɓaci, na ɗauka salon cin kuɗi ne irin wanda muka saba, ka zo da ciwon kai a ce sai an yi maka aikin ciki.

Ya fara da filtar iska. Da aka buɗe wallahi ni kaina na ji kunya, ƙurar hunturu ta toshe shi ya koma kamar tubalin laka, yace ga rabin baƙin hayaƙinka nan, mota ba ta samun numfashi dole ta ja mai fiye da kima, daidai yake da ka yi ta yawo da istatar a jawo. Buji huɗun duka baƙi ƙirin da kunkunniya busasshiya. Ya buɗe delko, abin da ke raba ma buji wuta, bis filatine (ƴan ƙarafan cikinshi masu haɗa wuta su katse) sun ci sun yi ƙuraje, ya sa aka sayo sabbi ya auna tsakaninsu da ƴan ganyayen ƙarfen nan na awo, 0.40 na milimita, sannan ya daidaita lokacin wuta da ɗan kwan fitila mai waya biyu, yana juya delkon a hankali har kwan ya kama. Duk wannan bai ko kalli karbirato ba. Sai kuma yace yana jin supap (bawul ɗin shigar iska da fitar hayaƙi) suna ƙyas-ƙyas kuma su ba a auna su sai inji ya huce sarai, don haka mota za ta kwana. Nan ne na kusa ɗaukar motata in tafi. Abin da ya tsayar da ni kafin ya kashe ta ya ɗauko sirinji ya ɗiga ɗan esansi a gindin karbirato daidai inda ya zauna bisa injin, nan take injin ya ɗaga murya sannan ya koma. Ya sake, ya sake ɗagawa. Yace ka ji ɓarauniyar hanya, jawan ɗin ƙasa, wato takardar da ke toshe tsakanin karbirato da inji, ya tsage, iska tana shiga ta nan ba ta biyo ta karbirato ba, to ko mala'ika ne ya murɗa bis ralanti ba zai zauna ba, don a ralanti iskar da inji ke ja kaɗan ce, ƴar wannan da ke satar shiga ta isa ta tsinka damun. Na lura kafin ya yi wannan gwajin sai da yaro ya ajiye bokitin yashi kusa, kuma dan Allah kar wani ya je ya gwada a gida da sigari a baki.

Na hau kabu-kabu na koma gida ba mota, uwargida tana tambaya ko sayar da ita na yi.

Washegari da sassafe na tarar har ya gama supap, milimita 0.10 na shiga 0.25 na fita in ji shi, ya sauke karbirato ya baje shi bisa wani tsohon faranti cikin esansi, ya rufe bakin injin da tsumma saboda ƙura. Wannan wurin ne na ji kuɗina sun fara halatta. Cikin ɗan kwanon da mai ke taruwa akwai jan laka da ɗigon ruwa a ƙasa, yace wannan tsarabar man kwalba ce da tsatsar tanki. Ya fiddo jiklar ralanti, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai hudar da mai ke bi, ya ɗaga shi saitin rana yace in leƙa, da ƙyar haske ke wucewa. Wani yaro ya miƙo mishi silin waya ya tsokace, Baba ya yi mishi wani kallo, yace tagulla ce, ka sa mata waya ka faɗaɗa hudar ka kashe jiklar har abada, da famfon taya aka hure shi har ya buɗe. Fulotar, abin da ke yawo bisa man cikin kwanon, ya kai kunne ya girgiza ya ji ko mai ya shiga cikinta, lafiyarta lau, amma fuwanto ɗin da ke tsayar da mai in kwanon ya cika ya ci, yana barin mai ya haura, ga sauran rabin baƙin hayaƙin. Sai ya nuna min bakin bis ɗin rishes, wani zobe ya fito a jikin tsinin kamar an ɗaure shi da zare, yace wani mai ƙarfin hannu ya taɓa ɗaure shi tamau, shi wannan bis da yatsa biyu ake kai shi ƙarshe, da ka ji ya taɓa ka tsaya. Ya jawo wani gwangwanin madara cike da tarkacen Solex ya tona ya tona ya fiddo wani mai lafiya. Jawan kuma da hannunshi ya yanka daga takardar jawan, ya ɗora karbiraton a kai yana ƙwanƙwasawa a hankali har siffar ta fito.

Da aka mayar da komai, da sabon filtar iska da ɗan filtar esansi na roba da ya sa aka ƙara a kan tiyo, na ɗauka yanzu za a murɗa. A'a. Yace in je in zagaya da ita sai ta yi zafi sosai, ba a daidaita ralanti da inji mai sanyi, abin da ka daidaita da sanyi da ta ɗumama zai zama mai ya yi yawa. Kafin in tafi ya kai bis ɗin rishes ƙarshe a hankali ya dawo da shi zagaye biyu, yace wannan na tashi ne kawai ba shi ne gyaran ba. Na miƙa hanyar Tanut na yi ƴan kilomita na juyo.

To ga yadda ya yi, don na tsaya a kanshi ban ƙifta ba. Ya tabbatar istatar ya koma gaba ɗaya, filtar iska yana bisa, don in ka daidaita ba filtar da ka mayar da shi lissafi ya canza. Ya sassauta bis ɗin gudu injin ya sauko ƙasa ƙasa har ya kusa mutuwa, ya ɗan ɗago shi. Ba shi da agogon auna gudun inji, yace wajen zagaye 800 zuwa 900 a minti ake so kuma kunnenshi ya san wurin. Ya ɗora kofin shayi da ruwa rabi a bisa fikafikin motar. Sai ya fara shigar da bis ɗin rishes, rubu'in zagaye, ya cire hannu ya tsaya, ya yi kamar yana ƙirga wani abu a zuci, sannan ya ƙara rubu'i. Na tambaye shi tsayuwar ta mece ce, yace inji ba ya amsawa nan take sai ya cinye man da ke hanya, masu gaggawa suna murɗawa su wuce wurin ba su sani ba. A rubu'i na uku injin ya fara sauka yana tuntuɓe, ruwan kofin yana tsalle, yace nan yunwa ta fara, riƙe wurin a kanka. Ya juya ya fara fiddowa, rubu'i rubu'i, injin ya warware ya hau, ya ƙara hawa, muryar ta yi santsi ruwan kofi ya kwanta sai ɗan shimfiɗar rawa a sama, ya ci gaba da fiddowa har muryar ta fara nauyi tana wani gurum gurum kamar mai ƙoshi yana gyangyaɗi, warin mai ya taso daga baya, yace nan kuma ya yi yawa. Sai ya koma tsakanin wuraren biyu inda injin ya fi hawa ya fi santsi.

Da ya samu wurin gudun ya ɗan yi sama, sai ya koma kan bis ɗin gudu ya sauke shi, sannan ya sake dawowa kan na rishes ya maimaita duk abin daga farko, don in ka taɓa ɗaya ɗayan ma ya motsa. Sau uku ya yi wannan kai da komowa, na ukun abin da yake murɗawa bai fi kaurin bakin turnabis ba. Ya ja wayar akselatar da hannu wuf ya saki, injin ya hau ya sauko ya zauna daram bai nutse ba. Yace in shiga in kunna fitilu duka in taka furen in saki, ta ɗan sunkuya kaɗan ta riƙe. Ƙarshe ya ƙara fiddo bis ɗin ɗan mitsitsi, yace wannan na lodin tumatir ne, gara ta ɗan fi ƙoshi kaɗan da ta mutu maka a rampuwan. Duk murɗe-murɗen nan bai fi minti 20 ba, bayan kwana guda da rabi ana share mishi hanya.

Wani abu da ya ja min kunne a kai, kuma na ga direbobi da yawa suna yi, wai ka shigar da bis ɗin rishes don mota ta rage shan mai. Yace wannan bis ikonshi a ralanti ne da ɗan farkon taka akselatar, da ka hau hanyar Mirya kana gudu babban jiklar ne ke ba da mai, shi bis ɗin ya zama ɗan rakiya. In mota tana sha a hanya ka duba filtar, ka duba fuwanto da fulota, ka duba lokacin wuta. In ka matse shi abin da za ka samu mota mai mutuwa, mai harbi a salansa in ka saki akselatar a gangara, mai wuyar tashi, man da ka ce ka tara kuma ka ƙone shi wurin ba ta wuta kar ta mutu.

Yanzu bari in faɗi inda garajin ya gaza don kar a ce talla nake. Na farko lokaci, in kana da gaggawa kar ma ka je, Baba in ya tafi sallar azahar sai bayan la'asar, kuma ba a taɓa mota in ba ya nan. Wayarshi tana aljihu amma ba ya ɗauka, sai dai ka kira yaranshi su kuma su ce maka maigida yana zuwa alhali ko alamarshi babu. Wurin zama babu sai tsohuwar taya ko bulo. Kayan gyara ba ya ajiyewa in ban da gwangwanin nan nashi, buji da bis filatine da filtar duk ni na hau kabu-kabu na shiga gari na sayo, sau biyu, don na farkon da na kawo ya juya kwalin ya duba yace jabu ne in mayar. Yaran kuma sun bar min baƙin mai a kujera da sitiyari, farar rigata ta Juma'a da na manta a ciki ta tashi daga aiki, kuma ɗaya daga cikinsu ya ɓatar da noti guda na murfin filtar aka ɗaure min da waya wai kafin a nemo. Takardar shaidar biya babu, magana ce ta baki. Bakinshi kuma sai mai haƙuri, in ka yi tambayar da bai ga dama ba sai ya mayar da kai abin dariya gaban yara, ni dai na shanye don na girmi fushin.

Sannan rashin na'ura yana da iyakarshi. Kunnen Baba ya yi, ban musa ba, amma kunne ne, ranar da mura ta kama shi ko ranar da ba shi ba, yaran nan ban ga wanda ya ɗauko rabin abin ba, su dai a ba su turnabis su murɗa. Akwai na'urar da ake sa ma salansa ta auna gubar hayaƙi, da agogon gudun inji, da yana da su da yaran sun koya da ido tunda kunnen bai zo ba tukuna. Abu guda da zaman filin ya yi kyau, hayaƙin inji a ralanti guba ne mai kisa in a rufaffen ɗaki ne, nan kuwa iska ta ko'ina, har ta yi yawa ma, ƙura tana shiga ido.

Akwai kuma abin da bai gyara ba kuma bai ɓoye min ba. Ya kama sandar da faifan ke juyawa a kai ya girgiza ta na ga tana motsi, yace shekaru sun cinye mazauninta, iska na ɗan shiga ta nan, sai an kai wurin mai injin tur (na fere ƙarfe) an sa mata zobe ko a samu wani karbirato mai sauran kwana. Shi ya sa har yanzu wani lokaci in na tsaya gudun yakan ɗan yi sama kaɗan kafin ya zauna. Ban ji daɗi ba amma na fi son haka da a ce min an gama.

Kuɗi, na hannunshi jika 7 ya ce, na roƙa ya bar min a 6, yace jika gudan kuɗin surutun da na sa shi ne, na biya 7. Kayan da na sayo da kuɗin kabu-kabu sun kai wajen jika 14. Ga kwana biyu ba aiki, wanda shi ya fi min ciwo.

Sati biyu yanzu, na je Mirya sau biyu da lodi, na yi Dole sau biyu, na kai wani buhunan gero Matamaye, ba ta mutu min ko sau ɗaya ba, ƙafar hagu ta koma kan ambireyaji (kuloci) inda Allah ya ajiye ta. Da safe rabin istatar ya isa, minti biyu in mayar. Bitas na ɗaya yana shiga shiru, in na kashe kontak ta mutu nan take kamar an hure fitila. Man da da yake kai ni Mirya da dawowa sau biyu yanzu yana kusan kai ni sau uku, kuma na san yawancin wannan daga filtar ne da fuwanto ba daga bis ba, Baba ya riga ya cire min wannan ruɗun. Jiya na kwance buji guda don in gani da idona, bakinshi ya yi ruwan ƙasa kamar ƙuli-ƙuli, yadda yace in ya yi haka lafiya, in ya yi fari fat yunwa, in ya yi baƙi ƙoshi.

In motarka sabuwa ce mai allurar fesa mai da kwamfuta kar ka wahalar da kanka, da bakinshi yace ba ya taɓa su. Amma mai 504 ko 404 ko tsohuwar Toyota mai karbirato, in kana iya ba da kwana biyu ka kuma toshe kunne, ka je, ka tafi da tabarmarka da ruwan sha, ka kwashe tufafinka daga cikin mota. Yace in dawo in zafi ya kama wajen watan 4 a sake ɗan taɓa bis ɗin don iskar zafi ba ta kai ta hunturu nauyi ba, mai yakan ɗan rinjaya, filtar kuma in dinga kakkaɓe shi duk sati har ƙurar nan ta wuce. Jibi ma zan leƙa, har yanzu da waya murfin filtar ɗina yake ɗaure, yaron yace ya ga notin.